Kowa Ya Feƙe Alƙalaminsa

Watannin baya wani dattijo da ya daɗe yana koyar da Hausa a sakandare ya aiko mini da rubutunsa na shekara da shekaru, ya ce in taimaka a daidaita shi kafin a kai maɗaba'a. Shafi ɗari uku da 'yan kai. Ina buɗewa sai ga abin da na yi tsammani: "}asar Hausa", "]an sarki", "~arawo". Duk wanda ya saba karanta Hausa a intanet ya san wannan ciwo. Asalinsa kuwa alheri ne. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san da zaman haruffanmu masu lanƙwasa ba, masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka ƙirƙiro nau'o'in haruffa masu ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Dabarar da aka yi a irin waɗannan haruffa ita ce a ɗora masu lanƙwasa a kan maɓallan baka da sauran alamomin da marubucin Hausa bai cika taɓawa ba. Muddin nau'in haruffan yana cikin kwamfutarka, rubutu zai fito tsaf. Ranar da fayil ya bar gida ya sauka a wata na'ura, sai lanƙwasa ta koma baka.

Dattijon ya riga ya ƙudurta cewa sai an bi shafi-shafi da hannu, har yana cewa zai haɗa ni da ɗalibansa biyu. Na ce, "Baba, a ba ni zuwa la'asar." Gaskiyar magana, aikin bai kai tsawon zaman shayi ba. A cikin fayil ɗin saitin editan da nake aiki da shi, wato manhajar rubutu mai suna Vim, akwai 'yan layuka da na rubuta tun da daɗewa na raɗa musu suna Lankwasa. Da gangan babu ƙ a sunan, don Vim ba ya karɓar harafi mai lanƙwasa a sunan umarni, abin dariya, abin haushi. Na mai da littafin rubutu zalla, na kira umarnin. Kowane } ya koma ƙ, kowane ~ ya koma ɓ, kowane ] da harafi ke biye da shi ya koma ɗ. Baka mai buɗewa kaɗai na ce a riƙa tambayata kafin a taɓa ta, domin wani lokaci Ɗ ce babba, wani lokaci kuma baka ce ta gaskiya. Wani zai ce ai Word ma yana nemo abu ya sauya shi. Yana yi. Sai dai ni sau ɗaya na zauna na yi tunanin sharuɗɗan nan, na rubuta su, suka zauna. Ba na sake tuno su duk ranar da aka kawo mini irin wannan fayil.

Na kawo wannan labari ne saboda wata gardama da nake yawan ji a bakin matasanmu masu koyon rubuta manhaja. Ɓangare ɗaya na cewa taɓa saitin edita ɓata lokaci ne, a yi aiki da shi yadda ya zo, masu shi sun fi mu sani. Ɗaya ɓangaren kuma sun ga wani Bature a YouTube allonsa na walƙiya kamar gidan biki, sun kwaso saitinsa ɗungurungum sun zuba a kwamfutarsu. Ni ban tare da kowa a cikinsu. Ra'ayina shi ne duk wanda ke cin abinci da rubutu a kwamfuta, mai kod ne ko ɗan jarida ko mai fassara, ya kamata ya mallaki fayil ɗin saiti da ya rubuta da hannunsa, layi bayan layi, wanda babu layi ɗaya a ciki da zai kasa faɗin dalilinsa. Kuma ina ganin wannan ya fi zama wajibi a kanmu masu rubutu da Hausa fiye da waɗanda aka ƙera kayan domin su.

Ga wanda bai san harkar ba, bari in ɗan warware. Yawancin manhajoji suna ba ka 'yan akwatuna ka zaɓa: girman harafi, launi, da makamantansu. Abin da babu a akwatin, ka haƙura. Akwai kuma editocin da duk lokacin da ka kunna su sai sun fara karanta wani fayil naka, su aiwatar da abin da ka rubuta a ciki kamar yadda ake aiwatar da kowane firogiram. A Vim sunansa .vimrc. A Emacs init.el ne, ana rubuta shi da yaren Lisp. A Neovim, wanda ya ɓalle daga Vim a 2014, yawanci init.lua ne. A wannan fayil kana iya sauya aikin kowane maɓalli, ka ƙirƙiri sabon umarni, ka ce in an buɗe fayil iri kaza a yi kaza. Edita ya zama kamar yaron shago mai kaifin ƙwaƙwalwa: abin da ka nuna masa sau ɗaya ya riƙe ke nan.

Shi Emacs ma daga saitin mutane aka haife shi. A 1976, a ɗakin binciken ƙirƙirarriyar basira na MIT a Amurka, akwai wani tsohon edita mai suna TECO, kowa ya rubuta 'yan gajerun umarninsa a kai, kowa da nasa salo, har ya zama mutum ba ya iya zama a kujerar abokin aikinsa ya yi rubutu. Guy Steele da Richard Stallman da David Moon suka tattara waɗannan suka daidaita su, abin da ya fito shi ne Emacs. GNU Emacs da ake amfani da shi yau ya fito a 1985. Akwai wani labari da Stallman ya bayar wanda nake so ƙwarai. Bernard Greenberg ya rubuta wani Emacs da yaren Lisp a 1978 domin tsarin Multics. Sakatarorin ofishinsa suka riƙa ƙara masa 'yan umarni don sauƙaƙa aikinsu, suna bin wani littafin jagora da bai taɓa ce musu wannan abu shi ne rubuta firogiram ba. Da an faɗa musu da sun ce ba su iya ba. Da yake ba a faɗa ba, sai suka iya. Duk lokacin da na ji wani ya ce saiti sai ƙwararru, waɗannan sakatarori nake tunawa.

Masu cewa a bar edita yadda ya zo suna ɗauka cewa saitin asali wani ma'auni ne da masu hikima suka auna domin kowa. Tarihi bai goyi bayansu ba. Me ya sa a Vim ake motsa alamar rubutu da h da j da k da l? Saboda Bill Joy, wanda ya rubuta vi a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a 1976, yana aiki ne da wata na'ura mai suna ADM-3A, kuma a madannanta an zana kibiyoyi a kan waɗannan haruffa huɗu. Me ya sa maɓallin Esc, wanda mai Vim ke dannawa ba adadi, yake can ƙuryar sama inda sai ka miƙa hannu? Saboda a waccan na'ura yana kusa, wajen da Tab yake a yau. Umarnin vi gajeru ne ƙwarai saboda Joy yana aiki ta layin waya mai tafiyar hawainiya, abin da duk wanda ya taɓa shiga saba, wato kwamfutar da ake aiki da ita daga nesa, daga ƙauye da netwok mai sanda ɗaya zai gode masa a kai. Haka Emacs yake ta kiran wani maɓalli Meta, wanda yake a madannan MIT na wancan zamani, babu shi a kwamfutarka, Alt ne ke riƙe masa wuri. Ashe abin da ake kira saitin asali saitin wani mutum ne, daidai hannunsa da na'urarsa da shekararsa. Wanda ya mai da Caps Lock ya zama Esc bai yi wa kowa rashin kunya ba, ya mai da maɓallin kusa da inda Joy ya same shi ne.

To in Ba'amurke na yau yana da dalilin gyara, ina ga mu? Babu wanda ya tuna da Bahaushe ranar da ake yanke waɗannan shawarwari, kuma ban ga laifinsu ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Vim yana da teburin haruffa na musamman: ka danna Ctrl-K, ka biyo da e da ɗigo biyu, sai ë ta fito. Na bi teburin nan daga sama har ƙasa, na ga haruffan Turai kala-kala, na Girka, na Rasha, har na Japan, ban ga ƙ ba. A Emacs kuwa, in ba ka yi wani tanadi ba, sai ka danna C-x 8 RET, wato Ctrl-x da 8 da Enter, sannan ka rubuta LATIN SMALL LETTER K WITH HOOK, ko lambarta 199, kafin harafi ɗaya na harshen uwarka ya bayyana. Wa zai yi haka sau hamsin a shafi? Shi ya sa mutane ke yar da lanƙwasar su wuce, ƙasa ta zama kasa, ƙafa ta zama kafa, ƙoƙo ya zama koko, a zo a rubuta cewa wane ya yi karya alhali ƙarya ake nufi. Muna ta zargin matasa da lalata rubutun Hausa, amma rabin laifin na madannai ne.

Maganin a Vim layi ɗaya ne ga kowane harafi. Nawa shi ne inoremap ;k ƙ, wato in ina rubutu na danna waƙafi mai ɗigo na biyo da k nan take, a ba ni ƙ. Na zaɓi wannan alama ce saboda tana ƙarƙashin ƙaramin yatsan dama, kuma a rubutu na yau da kullum fili ne ke biyo bayanta, harafi ba ya manne mata. Haka na yi wa ɗ da ɓ da manyansu. Na san akwai tsarin madannan Hausa a Windows da Linux da wayoyi, kuma madalla da su. Amma mai rubuta kod yana tsalle ne tsakanin Hausa da alamomin firogiram a layi ɗaya, sauya tsarin madannai kowane minti kuwa wahala ce da ke sa mutum ya haƙura da lanƙwasar.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Editocin zamani da yawa, in ka danna alamar ɗauri guda, sai su ƙara maka ta rufewa, don a zatonsu zance za ka buɗe. Mu kuwa da wannan alama muke fara 'ya'ya da 'yan'uwa da 'yanci. Sai ka ga kana rubuta kalma ɗaya kana share alama biyu. A VS Code akwai saiti mai suna editor.autoClosingQuotes, ka ce masa never, ka huta, kuma kana iya kashe shi a fayilolin rubutu kaɗai ka bar shi a na kod. Ga kuma mai duba kuskuren rubutu, wanda ke ja wa kowace kalmar Hausa jan layi kamar malamin da ya tashi da fushi. A Vim in ka ɗora alama a kan kalma ka danna zg, ta shiga jerin kalmominka na kanka. Na yi shekaru ina yin haka ba da wata niyya ba, yau ina da ɗan ƙamus da ke kama mini kuskure na gaske, ya san "ƙwarai" daidai ne, "kwarai" kuma tuntuɓe. Ga abokan aikinmu na Maraɗi da Damagaram da ke rubuta ƴ inda mu a Nijeriya muke rubuta 'y. Layi ɗaya ke mai da rubutunsu irin namu, wani layin ya mai da namu irin nasu. Babu kamfanin da zai zauna a Siyatil ya yi mana wannan tunani.

Wanda ya yi makarantar allo ya san ba a sayen alƙalami a feƙe a ce an gama. Kara ake samu, a sa reza ko 'yar wuƙa, a fere, a tsaga baki, a gwada a kan allo, a ƙara ferewa. Alaramma mai rubuta Alƙur'ani da ka yana da alƙalamin baƙi daban, na wasali daban, kuma in ka ɗauki nasa ka rubuta za ka ji bai zauna maka ba, domin an karkata bakinsa daidai yadda shi yake riƙewa. Gardi na iya feƙe wa ƙolo na farko da na biyu, amma ba a daɗe ba za a miƙa masa reza. Manomi ma haka yake yi da ƙotar fartanya, tela da tsayin kujerarsa gaban keke. A sana'o'inmu na gado ba a taɓa ɗaukar gyara kayan aiki a matsayin wasa ba. Sai da aka zo kan kwamfuta muka koma masu jin tsoron taɓa abin da muka saya da kuɗinmu.

Yanzu bari in juyo kan ɗaya ɓangaren, don su ne suka fi ba ni tsoro. Wani ƙanena da ke koyon aikin ya zo mini da kwamfutarsa ran nan, fuska a yamutse. "Yaya, editana ya ƙi tashi, kuma gobe zan miƙa aiki." Na duba. Ya kwaso saitin wani mutum daga GitHub, shafin da masu kod ke ajiye ayyukansu, fayiloli sun fi ashirin, ƙarin kayan da ake jonawa sun kusa saba'in. Ɗaya daga ciki ya sabunta kansa ya daina jituwa da wani, komai ya tsaya. Na nuna masa wani layi na ce me wannan yake yi? Ya ce bai sani ba. Na nuna wani. Bai sani ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Ga datar da ya ƙona wajen sauke su, ga tsohuwar kwamfutarsa 'yar gwanjo mai ƙwaƙwalwar giga huɗu tana nishi kamar jakin da aka yi wa lodin siminti.

Ba ina kushe saitunan da ake saukewa a shirye irin su Doom Emacs ko Spacemacs ko LazyVim ba ne. Mutanen da suka haɗa su sun san aikinsu, kuma karanta saitin gwanaye hanya ce ta koyo, ni ma rabin abin da na sani a can na tsinta. Bambancin karantawa da haɗiyewa nake nufi. Ka ga dabara ta burge ka, ka buɗe littafin jagora ka gane ta, a Vim ka rubuta :help da sunan abin, a Emacs ka danna C-h v ko C-h f, sannan ka kwafi layin nan guda ka sa a naka. Akwai kuma abin da matasa ba sa kawowa a rai: fayil ɗin saiti firogiram ne mai cikakken iko. Duk abin da kai za ka iya yi a kwamfutarka shi ma zai iya, ya karanta fayilolinka, ya aika su waje, ya share su. A 2019 an gano wata kafa a Vim da Neovim wadda buɗe fayil ɗin rubutu kawai ya isa a sa kwamfutarka ta aiwatar da umarnin wani, ta hanyar 'yan layukan saiti da ake ɓoyewa a cikin fayil. An toshe ta, amma tun daga ranar set nomodeline ya shiga saitina bai fita ba. In fayil ɗin rubutu na iya haka, ina ga layi dubu uku na baƙon da ba ka taɓa karantawa ba? Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, ka ce ta rubuta maka saiti ta zubo maka shafi biyar cikin daƙiƙa. Ina amfani da ita, ba na musu. Sai dai nakan ce ta bayyana mini layi, ba na barin ta cika mini fayil.

Masu cewa harkar na cin lokaci suna da gaskiyarsu, kuma ni shaida ne a kaina. Na taɓa kashe Asabar da Lahadi cur ina zaɓen launin allo da siffar layin da ke ƙasa, alhali fassarar da aka ba ni tana jira. Ranar Litinin launin ya gundure ni. Masu Emacs har suna da suna ga ƙarshen wannan hanya, sukan ce mutum ya yi shelar karyewar jari: saiti ya yi yawa ya cukurkuɗe, mai shi ya kasa gane kansa, ya share duka ya koma farko. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Dokar da na kafa wa kaina tun daga lokacin ita ce ba na ƙara komai sai abu ya cije ni sau uku. Na farko in yi haƙuri, na biyu in rubuta a takarda, na uku in buɗe fayil. A saman kowane layi kuma ina rubuta dalili da shekara, da Hausa, domin ni na shekara biyar masu zuwa baƙo ne ga ni na yau. Duk ƙarshen shekara nakan bi in cire abin da na daina amfani da shi. Fayil ɗina bai kai layi ɗari biyu ba, yana cikin Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen fayil, in na samu sabuwar kwamfuta minti biyu ya ishe ni in koma gida.

Wanda zai fara daga fayil fanko a Vim ya kula da tarko ɗaya. Tun daga Vim 8.0 na 2016 akwai wani fayil mai suna defaults.vim da ke kunna abubuwa masu amfani kamar launin kod, amma ana karanta shi ne kawai in ba ka da .vimrc naka. Da ka ƙirƙiri naka, ko babu komai a ciki, sai ka ga launuka sun ɓace, ka zaci ka ɓata wani abu. Ka sa source $VIMRUNTIME/defaults.vim a layin farko, shi ke nan. In kuma wata rana komai ya rikice, vim --clean ko emacs -Q zai tayar da editan ba tare da saitinka ba, ka gane ko laifin naka ne. Yawanci naka ne.

Akwai wata hujja da ta fi ta lokaci ƙarfi: in ka saba da editan da ka gyara, ranar da aka zaunar da kai a kwamfutar wani ko aka ce ka shiga sabar da babu komai a kai, za ka zama kamar kifi a tudu. Wannan gaskiya ce, shi ya sa nake cewa a fara koyon editan tsirara kafin a yi masa sutura. Kusan kowace na'ura mai tsarin Unix za ka tarar da vi a ciki, don yana cikin ƙa'idar POSIX. Ka iya buɗewa, gyarawa, adanawa, da fita. Fitar ma ba wasa ba ce: a 2017 Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu kod, ya sanar cewa tambayar yadda ake fita daga Vim an duba ta sau miliyan ɗaya. Kuma in za ka gyara, ka ƙara a kan abin da ke akwai, kada ka sauya ma'anar maɓallan asali, don hannu ba ya mantuwa, zai je gidan wani ya yi abin kunya.

Saitin kai kuma yana da iyaka, iyakarsa ita ce inda aikin tarayya ya fara. Launin allonka da maɓallanka ruwanka. Amma ko za a shigar da layi da Tab ko da fili huɗu, wannan na jama'a ne. Yaren Python ya saba da fili huɗu, yaren Go yana da gofmt da ke sa Tab ko kana so ko ba ka so, Makefile kuwa in babu Tab ba ya aiki. Domin irin wannan ake ajiye fayil ɗin .editorconfig a cikin aikin, kowa editansa ya bi. Wanda ya bar saitinsa ya sake tsara fayil ɗin mutane gaba ɗaya saboda gyaran layi ɗaya, ya cancanci duk harara da za a yi masa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne daɗewa. Microsoft ya sayi GitHub a 2018, a Disamba 2022 aka rufe Atom, editan da GitHub ya yi wanda mutane da yawa suka zuba shekaru suna gyarawa. Suka tattara suka yi ƙaura. Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan da ya fitar da Vim a 1991, wanda bai nemi ko kwabo ba sai dai ya roƙi masu amfani da shi su taimaki yara marasa galihu a Kibaale ta Yuganda, ya rasu a Agustan 2023. Vim bai mutu ba, wasu suka ɗauka, sabon fitowa ya biyo baya a farkon 2024, kuma layukan da na rubuta shekaru goma da suka wuce suna aiki yadda suke. Ba ina cewa a guji VS Code ba. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na waɗanda suka amsa tambayoyin Stack Overflow a 2023 da shi suke aiki, kuma edita ne mai kyau. Shi ma yana da settings.json da keybindings.json, rubutu ne zalla da za ka iya karantawa ka adana. Abin takaici shi ne yawancin masu amfani da shi da na sani ba su taɓa buɗe su ba.

A nan ne nake ganin maganar ta shafi masu koyarwa. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku a fannin fasaha, ga jami'o'i, ga cibiyoyin koyon kod a Kano da Kaduna da Jos da sauran birane. Duk waɗannan ɗalibai za su shafe dubban sa'o'i a cikin edita. Ina roƙon malamai su ware zama ɗaya tak. A ce kowane ɗalibi ya buɗe fayil ɗin saitinsa, ya rubuta layi biyar da ke magance abin da ke damunsa shi, ya tashi gaban aji ya bayyana su. Na farko ya zama na ɓ da ɗ da ƙ. A wannan zama guda yaro zai taɓa sharaɗi, da aiki mai suna, da karanta littafin jagora, da Git, kuma zai ga amfanin abin a take, ba kamar lissafin da ake ba shi na jarrabawa ba. Hanyar sakatarorin Greenberg ke nan.

Dattijon nan ya dawo bayan an buga littafinsa, wannan karon da wasu tsofaffin waƙoƙi na ajami da ya gada, yana so a shigar da su kwamfuta. A nan Vim ya gaza mini, don bai iya haɗa rubutun dama da na hagu a layi ɗaya yadda ya kamata ba. Emacs ya iya tun fitowarsa ta 24 a 2012, don haka na koma ɗalibi, na buɗe init.el fanko. Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya shigar da fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu da muka saba da shi a 2016, kuma ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar da nau'in haruffa mai kwaikwayon hannun Kano, sunansa ma Alkalami. Abin da ya rage shi ne in tsara wane maɓalli zai ba da wane harafi. Na gama da baƙaƙe, na sa fataha a kan a, kisira a kan i, rufu'a a kan u. Mun yi waƙa biyu da Baba yana karantowa ina bugawa, yana tsayar da ni duk inda ɗigo ya sauka ba daidai ba. Yamala ce har yanzu muke ja a kanta: ni na ɗora ta a kan e, shi kuma ya ce hannunsa a kusa da kisira yake nemanta.